GAJINI: TAMBAYAR DA MASU KALLO SUKA TSALLAKE

Rubutun yau dogo ne, mai sauri ya ajiye shi sai bayan isha'i. Kuma ina gargaɗi tun yanzu: zan fasa ƙwan fina-finai biyu har ƙarshensu, Ghajini na Indiya da Memento na Amurka. Wanda bai kalla ba, kuma ba ya so a ɓata masa, to ya tsaya a nan, babu fushi.

Kwanakin nan musu ya sake tashi a kan Ghajini, wanda mu nan Kura muke ce wa Gajini. Fim ne na 2008, yaran da aka haifa a shekarar yanzu sun zama samari. Sun same shi a shagon masu tura fim a waya, sun kalla, sun dawo suna ba mu labari kamar mu ba mu san shi ba. Daga teburin mai shayi har inuwar bakin kanal, kowa da nasa ra'ayin. Na saurari da yawa, na karanta na wasunku, kuma ina ganin kowa ya kama wani ɓangare na gaskiya. Sai dai akwai tambaya guda da ban ji an yi ba, ita ce kuma ta fi shafar gidajenmu. Zan zo kanta.

Ga waɗanda suka manta labarin, tunda dai maganar mantuwa ake yi: Aamir Khan ya fito a matsayin Sanjay Singhania, attajiri mai kamfanin waya. Ya haɗu da Kalpana, yarinya mai tallace-tallace, ya ɓoye mata ko shi wane ne, ta so shi a matsayin talaka. Wata rana ta kuɓutar da wasu 'yan mata daga hannun masu safarar mutane, sai uban dabar da ke da wannan harƙalla ya biyo ta har gida ya kashe ta, ya maka wa Sanjay rodi a ka. Daga ranar, duk abin da ya faru da shi ba ya wuce minti 15 a kansa. Sai ya koma rayuwa da hotuna, da takardu a bango, da rubutun da ya sa aka zana masa a fata, duk don ya tuna abu ɗaya: akwai wanda zai kashe. A. R. Murugadoss ne ya ba da umarni, shi ne dama ya fara yin sa da harshen Tamil a 2005 tare da Suriya. Na Aamir Khan ɗin shi ne fim ɗin Hindi na farko da ya tara rupi biliyan 1 a cikin Indiya kaɗai.

To, masu kallo sun kasu. Kashi na farko su ne masu kuka. Su ba ruwansu da rodi ko ƙwaƙwalwa, Kalpana kawai suke tunawa. Yadda ta sayar da motarta ta ba shi kuɗin, don ya ce mata mahaifiyarsa ba ta da lafiya, alhali shi ne mai kuɗin da zai iya sayen unguwarsu gaba ɗaya. Da yadda ta mutu ba ta san wa ta so ba. Wata 'yar'uwa ta ce ita har yau ba ta yafe wa Sanjay wannan ɓoyon ba. Wallahi ban ga laifinta ba. Wannan ɓangaren shi ne inda fim ɗin ya fi ƙarfi, kuma mu Hausawa mun daɗe da sanin wannan hanyar ta Indiya. Tun zamanin da Kwarori suka fara haska fina-finansu a silimun Kano, iyayenmu suke zubar da hawaye a kan irin wannan soyayyar.

Kashi na biyu su ne 'yan dambe. Su abin da ya burge su shi ne ƙirjin Aamir Khan, da yadda yake tarwatsa ƙarti goma shi kaɗai, da askin nan mai layi a gefen kai. Wanda ya yi samartaka a lokacin ya san masu aski sun ci kasuwa. A wurin waɗannan, darasin fim ɗin shi ne namiji ba ya barin ta kwana. Su ma ba zan yi musu da su ba, fim ɗin da kansa haka ya sayar da kansa. Amma a tuna, mutumin da aka fasa wa kai har ya kasa riƙe magana ta minti 15, ba shi ne zai shirya farautar uban daba a birni kamar Mumbai ba. Irin wannan mutumin, a zahiri, ko hanyar banɗakin asibiti sai an nuna masa.

Kashi na uku su ne masu cewa ai duk ƙarya ce, babu irin wannan ciwon, Indiyawa ne da shaci-faɗinsu. Nan kam dole in tsaya, domin ciwon gaskiya ne, kuma an san shi tun kafin a haifi Aamir Khan.

Akwai wani Ba'amurke mai suna Henry Molaison da farfaɗiya ta addaba. A 1953, yana da shekara 27, wani likita, William Scoville, ya yi masa tiyata a garin Hartford, ya cire wani sashe a ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwarsa, har da mafi yawan abin da likitoci ke kira hifokamfus. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Amma daga ranar, sabon abu ya daina zama a kansa. Ya san sunansa, ya san iyayensa, yana tuna yarintarsa, yana hira da hankali kamar kowa. Sai dai in ka gaisa da shi ka fita ka dawo bayan 'yan mintoci, kai baƙo ne. A haka ya rayu shekara 55. Ya rasu ranar 2 ga Disamba, 2008, Ghajini kuma ya fito ranar 25 ga wannan watan. Ka ga ikon Allah.

Abin da Indiyawa da namu na Kannywood suka fi yi wa ƙari shi ne ɗaya nau'in. Kun san shi ai: mota ta buge jarumi, ya farka a asibiti bai san sunansa ba, wasu bayin Allah su tsince shi su aura masa 'yarsu, bayan shekara biyar a sake buga masa wani abu a ka, sai komai ya dawo tas. Wannan kam labari ne. Bugu na biyu ba ya gyara na farko, ƙara ɓarna yake yi. Kuma wanda ya bugu a ka, da wuya ya manta ko shi wane ne. Abin da ya fi faruwa shi ne ya manta lokacin hatsarin da abin da ya kewaye shi, ya kuma riƙa wahala wajen riƙe sabon abu. A nan Gajini ya fi sauran kusa da gaskiya.

Kashi na huɗu su ne 'yan bokonmu, masu cewa ai satar Memento aka yi, don haka ba su ga abin yabo ba. Gaskiya ne tushen daga can yake. Christopher Nolan ya yi Memento a 2000, daga wani gajeren labari na ƙanensa Jonathan. Mutum mai ciwon mantuwa, matar da aka kashe, hotuna masu fitowa nan take, rubutu a fata, duk suna can. Su kuma masoya Gajini da suka gwada kallon Memento sun dawo suna cewa ya juya musu kai, ba waƙa, ba rawa, labari yana tafiya da baya. Ni na kalli duka biyun, kuma ina ganin kiran ɗaya kwafin ɗaya ya rage wa zancen daraja. Kaya ɗaya suka ɗauka, amma kasuwa daban-daban suka kai.

Akwai ma kashi na biyar, masu barkwancin siyasa, da suke cewa ai mu 'yan Najeriya ne masu minti 15, duk bayan shekara huɗu a zo a sake mana alkawarin da aka yi a baya mu tafa. Na yi dariya, amma ban yarda ba. Je ka tambayi manomin Kadawa abin da tsutsar Sharon ta yi wa tumatur a 2016, zai gaya maka har da kuɗin kwando a makon. Ba mantuwa ke damun talaka ba. Wannan zancen wata rana ne.

Yanzu ga tambayar da na ce an tsallake: idan mutum ya daina iya riƙe abin da ya faru da shi, wa ke gaya masa abin da ya faru? Wa ke riƙe da alƙalaminsa?

A Gajini, amsar mai daɗi ce. Duk abin da Sanjay ya rubuta gaskiya ne. Mugun mugu ne, sunan da ke ƙirjinsa daidai ne. Ko da maƙiyansa suka lalata hotunan suka ɓata rubutun jikinsa, sai aka samu Sunita, ɗalibar likitanci, ta karanta littafin da yake rubuta rayuwarsa, ta dawo masa da labarinsa ba ragi ba ƙari. Ya ci sa'a, ya faɗa hannun mai amana. Shi ya sa muka tashi daga kallo zuciyarmu wasai.

A Memento babu wannan sa'ar. Jarumin, Leonard, duk wanda ya gane ciwonsa sai ya ci da shi. Mai kula da masaukin da yake kwana ya kama masa ɗaki biyu yana karɓar kuɗin duka, don ya san ba zai tuna ba. Wata mata, Natalie, ta tattare duk alƙaluman ɗakin ta ɓoye, ta zage shi ta zagi matarsa har ya kai mata hannu, ta fita ta zauna a mota. Yana ta neman abin rubutu kafin abin ya gushe, bai samu ba. Bayan 'yan mintoci ta shigo da jini a baki ta ce wani ne ya doke ta, shi kuma ya tashi zai rama mata. Ɗan sandan da ke kiran kansa abokinsa, Teddy, ya gaya masa a ƙarshe cewa ai ya riga ya kashe wanda yake nema tun shekara guda da ta wuce, tun daga nan amfani kawai yake yi da shi. Abin da ya fi tayar min da tsigar jiki kuwa shi ne abin da Leonard ya yi da ya ji haka. Da hannunsa ya rubuta lambar motar Teddy don a zana masa a jiki, yana sane cewa nan da ɗan lokaci zai manta dalili, ya ɗauke ta a matsayin shaida. Wato har shi kansa ya yaudari kansa.

Shi ya sa Nolan ya jera fim ɗin da baya. Masu cewa ya rikita su, ai abin da ake so ke nan. Kowane fage ka shiga ba ka san abin da ya gabace shi ba, ba ka san wa za ka yarda da shi ba. An ɗanɗana maka na awa biyu abin da wani yake sha kullum.

To me ya haɗa wannan da Kura? Komai ma.

Ku dubi yadda muke harka a wannan yanki. Tunda ruwan Tiga ya fara gangarowa ta kanal, dam ɗin da aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam ta zama zinariya. Eka ɗaya mai samun ruwa rani da damina ba abin wasa ba ce. Kuma yawancin abin da ke gudana a kanta, a ka yake. Wannan gonar haya ce ta kaka ɗaya. Waccan jingina ce, in an dawo da kuɗi a karɓa. Ta gefen aro ce, don zumunci. Wane ya karɓi buhun taki biyar sai an yanke shinkafa. Dillali a Kwanar Gafan ya ɗauki kwanduna zai cika kuɗi in mota ta dawo daga kudu. Mata masu gumi sun ba da shinkafa bashi, kowace tana riƙe da lissafinta a zuci. A gidaje da yawa, kan maigida shi ne littafin gida, shi ne rasit, shi ne kotu. Ranar da wannan kan ya fara yoyo fa?

Kuma yana yi. Hanyoyin suna da yawa, duk mun san su. Babur a titin Kano zuwa Zariya ba hular kwano. Hawan jini da ba a auna ba har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Zazzaɓin cizon sauro da ya haura ƙwaƙwalwa, mu da muke kwana a tsakiyar ruwa. Sanƙarau. Shaye-shayen da ke cin samarinmu. Sai kuma rikicewar tsufa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ke fama da ita, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi ne, irin namu. Mu dai sai mu ce tsoho ya fara sakin layi, ko an yi masa jifa, mu wuce.

Na san wani gida, ba zan faɗi unguwa ba. Dattijon ya yi shanyewar ɓarin jiki, ya tashi, ƙafa ta dawo, baki ya dawo, amma sabon zance ba ya kwana a kansa, tsohon ma wani ya dushe. Yana da gona da ya ba wani jingina shekarun baya. Mutumin ya riƙa zuwa gaisuwa, da ledar lemo, da ladabi, ya durƙusa ya ce, "Baba, ka tuna ai mun gama maganar gonar nan, na cika maka kuɗi?" Dattijon, don kunya kada a gane ya manta, sai ya ce, "Ƙwarai, ƙwarai, Allah Ya yi albarka." A gaban mutane. Sau uku, sau huɗu. Da 'ya'yan suka tashi fansar gona, aka ce ai Baba da bakinsa ya tabbatar sayarwa ce. Shaidun jinginar biyu ne, ɗaya ya rasu, ɗaya ya bar gari. Takarda babu. Har yanzu maganar tana gaban manya, zumunci kuma ya riga ya tsage. Ku gaya min bambancin wannan da Natalie mai ɓoye alƙalami.

Kada kuma mu ɗauka sai bare ke yi. A cikin gida ma akwai mai karɓar kuɗin cefane sau biyu. Akwai jikan da ya gane Kaka ba ta tuna ta ba shi na makaranta da safe. Ana yi ana dariya, wai wayo. Wannan shi ne mai masaukin da ke karɓar kuɗin ɗaki biyu, sai dai shi bare ya cuta, mu kuwa wanda ya haife mu.

Akwai ɗaya gefen kuma, don a yi adalci. Tsohuwa ta ɓoye kuɗinta a ƙarƙashin katifa ta manta, ta ce surukarta ta sace. Ta ci abinci ta manta, baƙi su zo ta ce tun jiya ba a ba ta komai ba. Dangi su ɗauka, su yi ta yaɗawa, matar da ke wanke ta tana ba ta abinci a baki ta zama azzaluma a idon gari. Aure ya mutu a kan wannan, wallahi. Rashin sani ya fi dare duhu. Da dangin sun san ciwo ne mai suna, da sun tambaya kafin su yanke hukunci.

Wani zai ce, to in dai ba zai tuna ba, me ya rage masa? Saurara. Wani likita ɗan Suwizalan, Edouard Claparede, ya ba da labari a 1911 na wata majinyaciya da ba ta taɓa gane shi, kullum sai ya gabatar da kansa. Wata rana ya ɓoye allura a tsakanin yatsunsa ya miƙa mata hannu, ta soke ta. Da ya dawo, ba ta san shi ba, ba ta tuna an yi haka ba, amma ta ƙi ba shi hannu. Shi ma Henry Molaison, wata mai bincike, Brenda Milner, ta sa shi zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi kawai. Kullum yana ƙara ƙwarewa, kullum kuma yana cewa bai taɓa yi ba. Wato kai ya manta, amma hannu da zuciya suna riƙe da nasu. Shi ya sa za ka ga tsohon da ya manta sunan jikansa, in ka kai shi gona ya kama dashen shinkafa layi ya fita sambal. Shi ya sa kuma wanda ka daka wa tsawa da safe zai wuni a takure, bai san dalili ba. Tsawar ta tafi, zafin ya zauna.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba mu da uzuri, domin magani yana hannunmu tun tuni. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Kuma ba ta tsaya a rubutu ba. Ta yi maganar marubuci mai adalci, ta yi maganar shaidu, har ta yi maganar wanda bashin ke kansa idan mai rauni ne ko ba zai iya shibta da kansa ba, cewa waliyyinsa ya yi masa da adalci. Ku duba da kyau, wannan shi ne daidai ramin da Leonard ya faɗa. Yana da rubutu har a cinya, amma ba shi da shaida, ba shi da waliyyi mai tsoron Allah. Rubutu shi kaɗai bai cece shi ba. Sanjay kuma abin da ya cece shi mutum ne mai amana da ya karanta masa rubutun.

Malaman hadisi ma sun bar mana misali mai kyau. Idan babban mai ruwaya ya rikice a ƙarshen rayuwarsa, ba sa zubar da shi. Sai su bi diddigi, su ware abin da aka ji daga gare shi kafin rikicewar su karɓa, abin da aka ji bayanta su dakata. Mutuncinsa yana nan, amma ba a gina hukunci a kan maganar da ya yi bayan ciwo ya kama shi. Da haka muke yi wa iyayenmu, da "ƙwarai, ƙwarai" ɗin dattijon can ba ta cinye gona ba.

Don haka ga roƙona, musamman gare ku samari da kuka fi kowa zafin musun fim ɗin nan. Tun Baba yana da lafiyarsa, ku same shi cikin ladabi ku ce a zauna a rubuta: wace gona ce haya, wace ce jingina, nawa aka karɓa, wa ya shaida, wa ake bi, wa ke bin mu. Ko da ajami ne. A sa mai unguwa ya sani, a ɗauki hoton takardar a waya fiye da ɗaya. Na san da nauyi, wani uban zai ce mutuwa kuke masa fata. Ku lallaɓa, ku sa kawu ko liman a gaba. Nauyin yini ɗaya ya fi shari'ar shekara goma sauƙi.

Idan kuma kun ga alama ta fara, tambaya ɗaya sau biyar, ɓata a hanyar da ya sani, manta an yi sallah, to a yi addu'a a kuma je asibiti. A fara da na kusa, in ta kama a wuce Asibitin Malam Aminu Kano ko na Dawanau. Ba kowace mantuwa ce ba ta da magani, wata daga hawan jini ce, wata daga suga, wata daga maganin da ake sha, wata daga damuwa. Wadda ba ta warkewa ma, sanin sunanta yana kashe rigimar gida. Zuwa Dawanau kuma ba ya nufin hauka. Ita kanta ƙasar ta sauya, a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 wadda sunanta ma dokar mahaukata ne. Saura mu mu sauya bakinmu.

Kuma don Allah a daina yi musu jarrabawa. "Baba ka gane ni? To wane ne ni?" Kana ganin wasa ne, shi kuwa ka tsayar da shi a gaban jama'a tsirara. Ka shiga da sallama ka ce, "Baba, ni ne wane ɗan wance, na zo gaishe ka." Ka ba shi amsar kafin ya nema. Masu babur kuma, hular kwano ba ta kai kuɗin buhun taki ba.

Abu na ƙarshe. Kun lura a garin nan duk wanda ya cika mantuwa sai a ce masa Gajini? Dalibi ya manta biro, Gajini. Tsoho ya maimaita zance, yara su bi shi da Gajini. To ku koma ku duba fim ɗin. Mai mantuwar sunansa Sanjay. Ghajini shi ne mugun da ya maka masa rodi. Shekara da shekaru muna kiran wanda aka cuta da sunan wanda ya cuce shi, kuma babu wanda ya lura. Mu da muke taƙama ƙwaƙwalwarmu garau.

Masu kuka ku ci gaba da kukanku, 'yan dambe ku ci gaba da askinku, 'yan Memento ku yi mana haƙuri da waƙoƙinmu. Amma kowa ya amsa wa kansa wannan a daren yau: a gidanku, lissafin gona da bashi a kan wa yake? In ya tashi gobe babu shi, wa zai riƙe masa alƙalami, kuma kun yarda da shi?

Wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan lalura, ina so in ji yadda kuka yi, ba sai an ambaci suna ba. Wani zai ƙaru.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri, Ya bar mu da hankalinmu har ranar da za mu cika da imani.